Sobiyar Bature, Lasin Jabir

Duk wanda ya sha sobiya, abin shan nan na sha'ir, a Madina a shekarun nan ya san Bature, ko bai san sunansa ba ya san kunnensa guda da rabi. A Madina aka haife shi, amma takardar zama ƙasa ba ta taɓa ganin aljihunsa ba, da iƙama, takardar zaman baƙi, ya yi furfura. Baƙo kuwa ba a ba shi lasin shago. Shi ya sa ya gina shagonsa a unguwar Anbariyya da sunan Jabir, ƙanen matarsa Larai, wanda ke da takardar amma bai san yadda ake jiƙa sha'ir ba.

Bature ke jiƙawa, ya tace, ya sa kirfa. Jabir kuma ya zo da farin tobe, doguwar rigar Larabawa, ya zauna ƙarƙashin lasin, yana ce wa mutane, "Tafaddalu, bismillah, shagona ne."

A shekarar dubu biyu aka fara raɗe-raɗin za a sassauta doka, baƙo ma ya mallaki wuri da sunansa. Manyan kamfanoni ake nufi, amma wa zai gaya wa Bature? Sai ya sa aka rubuto masa allo, sunansa ɓaro-ɓaro, ya jingine a bango.

"Ya Abu Wafa, wannan fa?" in ji Jabir, yana kiran Bature da alkunyarsa.

"Ritayarka ce, Jabiru. Khalas, shi ke nan, ka huta da zaman kujera."

Jabir ya yi murmushi. Ya san abu ɗaya game da sobiya: in zafi ya dafa ta, takan juye ta zama abin da ake yi wa mutum bulala a kansa. Ranar da Bature ya tafi Makka jana'iza, Jabir ya zare wayar firji, ya bar durom-durom suna kumfa. Da Bature ya dawo ya buɗe ƙofa, wari ya mare shi. Ga Jabir a bayansa, ya riga ya kira 'yan sanda, wai surukinsa na dafa giya.

Ludayin ƙarfe Bature ya ɗauka ya sauke wa Jabir a baki, haƙoran gaba suka zubo a kan tayil. Jabir ya rarumi kwalba ya fasa masa a goshi. Suka kife cikin durom, tsami da jini suka gauraye, suna santsi suna tashi. Bature ya danna kan Jabir cikin kumfar har ƙafafunsa suka fara harbin iska. Da Jabir ya ɗago, bai nemi numfashi ba, kunnen Bature ya nema. Ya kafa sauran haƙoransa, ya tofar da rabi a ƙasa.

A haka 'yan sanda suka same su. Babbansu ya toshe hanci ya ce, "Shagon wa?"

"Nasa ne," in ji Jabir, bakinsa na yoyo.

"Ni ɗan aiki ne, ya sidi," in ji Bature, hannu a kunne. "Duba lasin a bango."

Ya duba. Sunan Jabir ne a lasin, har da hotonsa yana murmushi da cikakkun haƙora. Aka tafi da su duka, amma Jabir ne ya daɗe yana bayani, da bakin da ba ya riƙe harafi. An rufe shagon, ba a sake buɗewa ba.

Yanzu Bature a bayan tsohuwar mota yake sayar da sobiya, a unguwar Sih, cikin kula mai ƙanƙara. Allon nan yana kan kujerar baya, girmansa ya fi ƙarfin tagar. Larai kuwa har yau in za ta kai wa ƙanenta abinci, kunu take damawa.