Dokar Malam Sai-dai

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da muhawara a wata makarantar sakandare, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Duk abin da aka faɗa masa, zai gyaɗa kai ya ce, "Na ji, sai dai…" Daga nan ɗalibai suka laƙaba masa Malam Sai-dai, shi kuma ya amsa.

Tsohon ɗakin ajiya aka ba shi a bayan ofishin malamai. Benci huɗu ne a ciki, da allo mai tsaga, da 'yar ƙararrawar tebur da yake bugawa idan minti ukun mai magana ya cika. Doka ɗaya gare shi. Kafin ka mayar wa abokin gardamarka martani, sai ka maimaita hujjarsa da bakinka, ka gyara ta har ta fi yadda ya faɗe ta, shi kuma ya ce, "Eh, haka nake nufi." In bai ce ba, ba ka da damar ci gaba. Yara sun tsani dokar nan, amma ita ta kawo kofuna ukun da ke kan kabad ɗinsa.

A gida ma ba hutu. Matarsa tela ce, kuma 'Yar Adawa yake kiranta. Keken ɗinkinta yana gindin tagar falo. Kullum da safe ya buɗe tagar don iska, ita kuma ta rufe don iskar tana watsa mata ƙyallaye. Shekara arba'in suna kan wannan gardama.

"Hujjata ta farko…" in ji shi.

"Ajiye ta, Malam," in ji ta, allura a baki. "Hujjar nan taka ko kaza ba za ta kora ba."

Da ta rasu, sai kowa ya fara yarda da shi. Mai shago ya ce, "Haka ne, Malam." Maƙwabciya ta ce, "Gaskiyarka, Baba." Wata rana ya gwada mai aski, ya ce masa ai kwana takwas ne a mako. Mai aski bai ko tsayar da almakashi ba, ya ce, "Ƙwarai kuwa." Malam ya dawo gida ya zauna da hularsa a hannu. Tun daga lokacin ya rage fita. Da safe yakan buɗe tagar, ya tsaya jim kaɗan, sannan ya je ya ɗora ruwan shayi.

A watan jiya santsi ya kwashe shi a banɗaki da safe. Yana nan kwance har rana ta take kafin maƙwabciya ta ji kiransa. Autarsa, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa, ta buga waya sau uku tana roƙon ya koma wurinta. Sau ukun yana jero mata hujjoji, ita kuma ta ce, "To, Baba, shi ke nan." Ya ci gardamar. Amma duk lokacin da ya ajiye wayar, sai ya ji falon ya ƙara faɗi.

Ran Asabar da la'asar sai ga ta da kanta, da 'yar jaka a kafaɗa. Bayan sun gaisa, ta miƙa hannu kan kabad ta sauko da ƙararrawar, ta goge ta da bakin mayafinta, ta ajiye a tsakaninsu.

"Baba, yau da dokarka za mu yi."

Ya gyara zama, har da gyaran murya. Ya ce gidan nan shi ya gina shi, ƙafarsa ta warke, kuma ba zai je ya zama kaya a gidan suruki ba. Ya jira ta ce "to".

"A'a," in ji Auta.

Rabon da ya ji kalmar nan shekara biyu ke nan. Ya ɗago ya dube ta sosai.

Ta maimaita hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ƙara wadda bai faɗa ba. "Kuma kana ganin in ka tafi, ka bar Mama ita kaɗai da kekenta. Haka kake nufi?"

Ya gyaɗa kai. "Haka nake nufi."

Da aka zo kanta, sai magana ta sarƙe. Ita dama tun tana ƙarama ba ta iya tsayuwa gaban mutane ba. Ta fara da banɗaki, ta koma kan magani, ta ce ɗakin da ta gyara masa yana kusa da nata. Ya buga ƙararrawa.

"Lokaci ya cika. Wannan ai ba hujja ba ce, Auta, kwashe-kwashe ne. 'Yar malamin muhawara guda! Kawo in gyara miki."

Ya miƙe, ya dafa kujera, kamar yadda yake yi a gaban aji.

"Kina nufin akwai wani tsoho da ya faɗi a banɗaki, ya yi awa biyar yana kira. Kina nufin ba faɗuwar ce ta fi damunki ba, awa biyar ɗin ce. Tsohon nan yana dafa shayin mutum biyu, ya zubar da rabi. Yana faɗin ƙarya da gangan a wurin aski, ko wani zai ce masa ba haka ba ne, ba a samu ba. Kullum yana buɗe taga ya tsaya jiran a ce ya rufe." Ya dubi keken ɗinkin. "Kuma wadda yake gudun ya bari ita kaɗai, ita ta riga ta tafi. Haka kike nufi?"

Auta ba ta san zancen shayi ba, balle na aski. Ta share ido da bayan hannu. "Haka nake nufi, Baba."

"Na ji," in ji shi. "Sai dai…"

Ta jira. Shi ma ya jira. Ya duba ko'ina a kansa, kamar mai laluben aljihu, bai sami komai ba. Agogon bango ya ci gaba da tafiyarsa. Da minti uku suka cika, Auta ta sa yatsa ta buga ƙararrawar a hankali.

Ya koma ya zauna. Can ya ce, "Ɗakin nan naki, da taga?"

"Da taga. Amma a rufe take zama, saboda sauro."

"Za a buɗe."

"Ba za a buɗe ba, Baba."

Bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi murmushi. Ya ce ta ɗauko masa akwatinsa a ƙarƙashin gado, kuma keken da shi za a tafi. Da ta shiga ɗaki, ya tashi ya je gindin tagar. Iska tana kaɗa zanen da aka lulluɓe keken da shi. Ya jawo tagar ya rufe, ya sa sakata.

"'Yar Adawa," ya ce ƙasa-ƙasa, "kin ci."