Layi ɗaya da ya bar Hafsi a baya

"Ɗana, mi ya hana a kira jikata?"

Wata tsohuwa ce daga Bagega ta tare ni a ƙofar asibiti, goye da yarinya.

Ni ke kula da sunayen yara a kwamfuta. Wata uku da suka wuce aka ce in fitar da sunayen 'yan ƙasa da shekara biyar a yi musu gwajin gubar dalma. Na rubuta wa manhajar kwamfutar umarni layi ɗaya ta tankaɗe min su kamar rariya, har ina alfahari da gajartarsa.

Na nemo sunan yarinyar, Hafsi. Gurbin ranar haihuwarta babu komai. Ashe duk mai irin wannan gurbi, rariyata ta ware shi shiru.

Na ce, "Inna, yaushe aka haife ta?"

Ta ce, "Ran da muka fara yankan gero, bara waccan. Na faɗa wa mai rubutu, sai ya yi dariya."

Wata uku Hafsi ta yi ba gwaji. Da aka gwada ta, aka samu gubar a jininta. Yanzu tana shan magani, amma har yau ba ta fara magana ba.

Gari kawai na duba, ban leƙa abin da ya rage a rariya ba. Ku masu wannan aiki, kuna leƙawa?