Kawu Jan Biro da 'Yan Rakiya

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba rubutu a wata maɗaba'a. Aikinsa shi ne farautar kuskure da jan biro kafin a buga, har sunan ya bi shi. Mutum ne mai ƙyanƙyami. Ba ya shan ruwa a kofin da bai ga an wanke ba, in kuwa ya ga allon shago da rubutu a karkace, sai ya kau da kai kamar ya ga mushe.

Bayan ya yi ritaya, wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta aiko jikarta da kwalin magani ya duba mata sau nawa ake sha. Ya ce wa yarinyar ta karanta da kanta, ai tana aji biyar. Ta juya kwalin, ta sake juyawa.

"Baba, ni kwafa kawai na iya," in ji ta.

Ya sa ta ɗauko littafinta na makaranta. Rubutu tsaf, shafi bayan shafi, kowanne da sa hannun malami, amma ko kalma ɗaya ba ta san me ta ce ba.

Washegari ya je makarantar ya ce zai koyar da karatu kyauta. Hedimasta ya yi ta godiya, ya ba shi wani sito a bayan azuzuwa, da yara goma sha huɗu waɗanda malamai ke kira 'yan rakiya.

Ni na taya shi sharar siton. Muna buɗe ƙofa zarnin fitsarin ɓera ya buge mu. A kusurwa akwai kwali tara na littattafan yara da wata ƙungiya ta bayar shekara uku baya. Gara ta cinye na ƙasa, yoyon rufi ya narkar da na sama sun koma kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Kawu ya fita ya tofar da yawu, ya tambayi wani malami me ya sa ba a raba su ba.

"Ai in an ba su, yayyagawa za su yi, Baba."

Littafi ashirin da 'yan kai muka tsirar. Da su ya fara, Litinin zuwa Alhamis, yana yanka haruffa daga kwali yana jera wa yaran a kan benci. A mako na biyu ya lura wani yaro sai ya manna hanci da takarda yake gani. Shekara huɗu ana zane shi a kan daƙiƙanci, ashe allon ne ba ya hangowa. Kawu ya kai shi aka yi masa tabarau. Ranar da Kawu ya dawo gida ko abinci bai ci ba.

Cikin wata bakwai, tara daga cikinsu suna karanta shafi guda, da rarrafe da tuntuɓe, amma suna kaiwa ƙarshe. Jikar tsohuwar, wadda yake kira Sakatariya saboda kyan rubutunta, ita ce kan gaba.

Sai aka ce masu ƙungiyar za su zo ganin aikin. Kwana biyu aka yi ana shafa wa siton fenti, aka aro labule da kujeru daga ofis. Da Kawu ya iso ran ziyarar, sai ya tarar da yara goma sha huɗu a zaune, fes da su, amma ba nasa ba ne. Zakarun aji shida ne, har da 'yar hedimasta.

"Malam, ina yarana?"

Hedimasta ya ja shi gefe. "Baba, a yi haƙuri, na yau ne kawai. Naka suna in'ina, ga kayansu duk a yage. Baƙi ba za su zauna jira ba."

"Na ce suna ina?"

"Suna tsintar leda a bayan banɗaki."

Baƙin suka shigo su uku da mai ɗaukar hoto. Yaran aro suka karanta kamar ruwa, aka yi tafi. Shugabar tawagar ta ce a kira dattijon da ya yi wannan ƙoƙari a ɗauke shi tare da su. Kawu ya matso, ya ce mata, "Ranki ya daɗe, waɗannan ban taɓa koya musu ko harafi ɗaya ba. Nawa suna can bayan banɗaki. Littattafanku kuma gara ta ci."

Ya zaci za ta ɓata rai. Murmushi ta yi, ta dubi agogo. "To Baba, za mu duba wannan. Yanzu dai ɗan matso tsakiya, muna da makaranta biyu a gaba."

Ya ce min wannan murmushin ya fi warin siton tayar masa da zuciya. Ya fice, aka ɗauki hoton da maigadi a madadinsa. Ya sami yaransa da buhuna a hannu, ƙuda na bin su. Ya kai su famfo, ya tsaya a kansu har suka wanke hannu da sabulu.

Ran Litinin aka ba shi takarda cewa an dakatar da aikin sa kai sai an sake tsari.

Yanzu a garejin gidansa yake koyarwa, bayan an tashi daga makaranta. Shida ne ke zuwa. Sauran gidajensu da nisa, biyu kuma iyayensu sun cire su daga makaranta gaba ɗaya. Na tambaye shi ko zai koma in an neme shi.

"'Yar nan," ya ce, "ko layin ba na bi. Zagayawa nake yi ta bakin kasuwa."