Makullin da Ke Hannun Inna

Ko zan manta da komai na zamana a Jidda, ba zan taɓa manta ranar da na ga makulli a hannun gawa ba.

A unguwar Hindawiyya muke lokacin, katanga ɗaya da wata tsohuwa da kowa ke ce wa Inna. Haihuwar Jidda ce, 'yar ƙasa, gidan kuma nata ne na kanta. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai wata marainiya da ta riƙa tun tana goye. Ta aurar da ita, mijin ya rasu, ta dawo gida da 'ya'yanta. To, 'yar riƙo ba ta gado. Magadan Inna 'ya'yan ƙaninta ne da ke unguwar Safa, waɗanda sai da Sallah ake ganin ƙeyarsu.

Wata rana da azahar na shiga gidanta, na tarar ta shanya likkafaninta da ta wanke da zamzam, tana bin ɗaki-ɗaki da turaren wuta. Lafiyarta lau, ko tari ba ta yi.

Na ce, "Inna, baƙi za ki yi?"

Ta ce, "Sun riga sun zo, 'yar nan. Sun ce in yi sauri."

Na waiga tsakar gida. Babu kowa, babu iska, amma likkafanin nan yana kaɗawa. Tsikar jikina ta tashi.

Ashe so take ta bai wa 'yar riƙon gidan. Ta tambayi malami, ya ce mata kyautar gida ba ta tabbata da fatar baki. Sai mai bayarwa ta fita, wadda aka bai wa ta karɓa, a mayar da takardar gida sunanta tun mai gida na da rai da lafiya. Har harajin da za a biya, tunda ba jininta ba ce, Inna ta ce ta ɗauka. Ni kuma ta roƙe ni aron ɗakin da za ta koma, ta ɗaure kayanta. A gabana ta miƙa wa 'yar riƙon makullin ƙofar gida.

Baiwar Allah ta ɓoye hannu a baya tana kuka. "Wallahi Inna ba zan iya ba. Duniya ta ce na fitar da ke daga gidanki kina raye? Halas, shi ke nan, a bari sai bayan Hajji."

Inna ta ce, "Ya binti, 'yata, yalla, maza karɓi. Hannuna ya gaji."

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Ke, karɓi abinki! Kin san halin mutanen Safa, kunyar mara kunya asara ce." Ina! Sai ma ta kwance kayan Inna ta mayar ɗaki. Raina ya ɓaci, amma ya zan yi?

Ko alhazai ba su fara sauka Jidda ba Inna ta cika, a kan sallayarta. Ina cikin masu wanka. Hannunta na dama a dunƙule yake tam. Muka zuba ruwan ɗumi, muka murza, ya ƙi. Wata dattijuwa ta ce a kira 'yar riƙon. Da ta zo ta durƙusa, ta taɓa yatsun, ta ce, "Inna, kawo." Wallahi da idona na gani, hannun nan ya buɗe da kansa. Makullin ne a ciki. Sai na zauna a ƙasa.

Ta karɓa, amma a makare. Ana gama zaman makoki magada suka zo, gida ya shiga gado, kuma shari'a na tare da su. Ko tambayar makullin ba su yi ba, sabon kwaɗo suka sa. Yanzu tana haya a unguwar Bani Malik, ɗaki ɗaya ita da yara, makullin na rataye a jikin ƙusa.

Tun daga ranar na gane akwai kunyar da ke raba mutum da matsuguni. In babba ya miƙo maka abu yana cewa ka yi sauri, sa hannu biyu ka karɓa. Wataƙila ya ga baƙin da kai ba ka gani ba.