Mai Kati Da Layin Asibiti

Shekara goma sha bakwai Mai Kati ta yi a bayan taga ɗaya, a wani ƙaramin asibiti mai likita ɗaya da nas biyu. Aikinta ta karɓi suna, ta zaro kati daga durowa, ta miƙa lamba. Wanda ya riga zuwa shi ke riga shiga, ba ta san wata doka ba bayan wannan. Ma'aikata kan tsokane ta, wai ko uwarta ce ta zo sai ta ja lamba. Takan ce ai ta taɓa zuwa, ta goma sha biyu ta samu.

Mijinta tela ne, mutum mai kunyar roƙo. Wata Talata ya tashi yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi, hannun hagu kuma kamar ba nasa ba. Ta ce ya same ta a wurin aiki. Sai da ya sallami mai karɓar ɗinki tukuna, ya iso ya tarar ɗakin jira ya cika maƙil. Ta miƙa masa lamba ta talatin da takwas ta taga, kamar kowa.

"Ko in yi wa Sista magana?" ta tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Ki bari. Kar a ce don mijinki ne."

Ta bari. Ya zauna a ƙarshen benci, tsakanin mai jiran canjin bandeji da wata da ta zo karɓar sakamakon gwaji. Sau biyu tana hango shi jingine da bango, ido a rufe, ta ɗauka gyangyaɗi ne. Ana kiran ta ashirin da shida ya sulale ƙasa. Likita ya fito a guje, aka yi abin da za a yi, amma rai ya riga ya yi halinsa.

Ba ta yi kuka ba, ranar ko bayanta. 'Yarta ta yi ta jijjiga ta tana cewa Umma ki yi kuka ko kya ji sanyi, ita dai sai kallo. Ƙanwar mijin ta faɗa a gaban mutane cewa a gaban idon matarsa aka bar shi ya mutu a layi. Mai Kati ta ce gaskiya ne.

Da ta dawo aiki likita ya so a mayar da ita sito, don ta daina kallon bencin. Ta ce a bar ta a tagarta. Ta samo wani tsohon littafi, ta shiga rubuta lokacin da kowa ya shigo, abin da ya kawo shi, da lokacin da ya fita. Bayan wata guda ta ajiye shi a teburin likita.

Cikin mutum sittin da ke zuwa a rana, kusan ashirin ba likita suke bukata ba: wankin ciwo ne, ko allura, ko karɓar sakamako. Ta ce a ware musu benci, nas ta sallame su. Masu hawan jini da ciwon suga a ba su ranarsu da sa'arsu, a ciro katunansu tun ana gobe. Sista kuma ta tsaya a bakin ƙofa da abin awon jini, ta tambayi kowa ciwonsa kafin a ba shi lamba, wanda ba zai iya jira ba ya wuce kai tsaye. Likita ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce ba kowa, zama ne.

Makon farko sai da aka yi ta rigima. Wani dattijo da ya yi sammako ya ga mai jariri ta wuce shi, ya zo ya buga tagar da sandarsa.

"'Yar nan, da ba haka kike ba."

"Da ba haka nake ba, Baba," in ji ta, ta kira na gaba.

Kafin wata uku, ɗakin da a da ba ya watsewa sai ƙarfe huɗu ya koma ƙarfe ɗaya ba kowa. Akwai wani direba da ya zo dafe da ƙirji, Sista ta shigar da shi ko zama bai yi ba, aka garzaya da shi babban asibiti, ya tashi. Ya dawo da matarsa su yi godiya, aka nuna musu tagar. Matar ta kama hannunta tana hawaye. Mai Kati ta laluba zuciyarta ko za ta ji wani abu, ba ta ji ba. Ta ce Allah ya ƙara lafiya, ta tambaye shi ko ya zo da katinsa.

Yanzu ƙarfe biyu ake tashi. Sauran ma'aikata sun ji daɗi, kowa ya kama gabansa. Ita ta gwada komawa gida da wuri sau uku, ta rasa abin da ake yi da yammaci. Sai ta roƙi likita ya bar ta ta riƙa jera tsofaffin katunan da ke jibge a kwalaye. Ya ce to. Tana nan tana jerawa, har sai maigadi ya leƙo ya ce zai kulle.