Talotalon Inna ta haɗiye Janar

Jama'a, ku zo ku ji yadda aka gama yaƙin duniyar sama yau a tsakar gidanmu a Kademi!

Kun san Yaya Bukar, yayana da ke aiki a Kano. Ya karance littattafan yaƙin taurari tas, yanzu kuma ya koma tara sojojinsu na roba, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Mutum da gemunsa!

Ɗazu da hantsi ya jera su zai koya min wasan. A ina? A kan tabarmar da Inna take shanya dawa! Har ya barbaza tsabar gero, wai duwatsun filin daga ne. Ya ɗaga wani ɗan mitsitsi mai jar hula, ya ce, “Wannan ne Janar, duniya tara ya ci da yaƙi. Wata biyu ina yi masa fenti.”

Yana ajiye shi sai ga talotalon Inna. Caf, gero! Caf, Janar!

Yaya ya kurma min ihu: “Hadiza, kawo wuƙa!”

Inna ta leƙo daga madafi: “Wa za ka yanka? Tana kan ƙwai? Taɓa ta ka gani.”

Ya ce, “Inna, ba a samun irinsa a ƙasar nan!”

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, “Wanda ya ci duniya tara ai ba zai rasa hanyar fita ba.”

Tun azahar Yaya yake bin bayan talotalo da tsinke a hannu.