Gafirin da ke cikin ƙodar Baba

Shekara talatin Baba ya yi yana rigima da mutum ɗaya, gafir, mai gadin da ke buɗe ƙofar ruwa daga tur'a, babbar magudanar ban-ruwa, zuwa hawasharmu, gonar audugar da ke ƙarshen layi. Duk ranar da ya je roƙon ruwa amsa ɗaya ce: mabuɗi yana wurin mufattish, mai duba gonaki. Mun girma muna jin sunan gafirin nan a bakin Baba fiye da namu.

Da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fitsarinsa kuma yana kumfa kamar an zuba sabulu, ni na kai shi wurin likita a garin Hasahisa. Likitan ya duba takardar gwaji ya ce akwai zulal. To, a Larabcinmu zulal farin ƙwai ne. Baba ya rantse rabonsa da ƙwai tun kafin a haife ni, a binciki kajin Inna. Kunya ta sa na rasa inda zan sa fuskata.

Likitan mai haƙuri ne. Ya ce ƙoda rariya ce, abin da ya kamata ta riƙe wa jiki shi ne ke zuba cikin fitsari, shi ne zulal ɗin. Jijiyoyin jini kuma suna fitar da wani abu, endotelin, mai matse su. In ya yi yawa sai hanyoyin cikin ƙoda su tsuke, jini ya danno da ƙarfi, rariyar ta ƙara yagewa. Idan ba a tare abin ba, ƙarshensa wankin ƙoda a babban asibitin Madani. Ya ga Baba yana kallon bango, sai ya ce, "Ya Hajj, kamar gafir ne da ya matse ƙofa."

Baba ya gyara zama. "Shi nan ma?"

Ya tambaya ko akwai maganin da zai kori gafirin. Likitan ya ce ana nema, bai iso ba tukuna. Ƙwayar da zai ba shi ta wata hanya take rage ƙarfin jinin, kuma a bar gishiri. Baba ya ce ya gane, ta bayan fage za a sato ruwa, ya sha yi.

Mutumin da ko maganin zazzaɓi sai an yi dambe da shi, bai taɓa tsallake ƙwayar nan ba. Yana haɗiyewa yana zagin gafir. Miya lami ya riƙa sha don kada maƙiyi ya ji daɗi. Haka ya ja shekara shida, ni kuwa haushi da dariya suka hana ni gyara masa fahimta.

Daga baya dai ƙodar ta gaji. Ana gobe za mu tafi Madani fara wanki, sai ga gafirin na gaske ya zo dubiya, tsoho tukuf, yana dogara sanda, ya daɗe da barin aiki. Na ji tsoron za a yi abin kunya. Baba ya kama hannunsa ya riƙe gam.

"Wanga karo ka buɗe min, ko na kwana biyu."

Tsohon bai san zancen ba. Ya dube ni, ya dubi ƙafafun Baba, idonsa ya cika da hawaye.

"Wallahi, ya Hajj, mabuɗin ba ya hannuna."

"Na sani," in ji Baba. "Kullum haka kaka cewa." Bai saki hannun ba.